Irin da Ya Dawo a Kwalin Ashana

Uwar mijina ba ta da "ke" a bakinta. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, wadda ta koya da girma, kuma a cikinta kowa "kai" ne: ni, fasto, akuya, har tukunyar da ta ƙi tafasa. Ita 'yar wani ƙauye ce a gefen Gidan Waya, ni kuwa daga Samaru Kataf aka kawo ni, yarenmu ba ɗaya ba. Don haka da wannan gurguwar Hausa tata muka zauna. Da farko nakan gyara mata, abinka da malamar makaranta mai ji da kai. Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amarya, ka gane ko ba ka gane ba?" Na gane mana. Na kama bakina.

Mijina shi ma malami ne, makaranta ɗaya muke koyarwa a Kafanchan. Ko shekara ba mu cika da aure ba ya ajiye alli ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa, sa'ad da samarin ƙasarmu ke tururuwa tashar jirgi kamar ana rabon wani abu. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin uwarsa. Ita kuwa Mama gajeriya ce, kullum tana cewa ba ta san inda ya samo wannan tsawo ba. Yana da wani hali mai ba ni haushi: ba ya wuce abu a hanya bai tsaya ya ɗauka ba. Ran wanki sai na zazzage aljihunsa, in ga dutse mai sheƙi, ko gashin tsuntsu, ko ƙwallon wani icen da ban san sunansa ba. Ina mita, yana dariya.

Yaƙi ya ƙare a farkon 1970. Jirage suka yi ta sauke sojoji, ni da Mama muka zama 'yan tasha, har masu sayar da rake da dafaffen ƙwai suka san mu. Wasu sun dawo da ƙafa ɗaya, wasu sun dawo da rediyo. Namu bai dawo ba. Abin da ya dawo akwatinsa ne na ƙarfe, a hannun wani kofur da suka yi zama tare. Kofur ɗin ya sha ruwa, ya ƙi haɗa ido da kowa. Ya ce sun fita wata safiya a ƙarshen damina, a bakin wani kogi, da yamma aka nemi mijina aka rasa.

"Madam, ni ban ce ya mutu ba," in ji shi. "Ban kuma ce yana nan ba. Ba a ga gawa ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Cikin akwatin akwai bargo, da Littafi Mai Tsarki, da wata rigar gida wadda ni na ɗinka masa. Hannuna ne ya tafi aljihun rigar da kansa, don sabo. Na taɓo kwalin ashana. Babu ashana a ciki, sai wasu busassun ƙwayoyi masu jan launi da ya dushe, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba. Duk maganar da kofur ya yi ban zubar da hawaye ba, amma wannan kwali ya zaunar da ni a ƙasa. Har a bakin yaƙi mutumin nan bai daina tsince-tsince ba.

Kwalin ya zaga unguwa. Wani ya ce masoro ne, wata ta lasa ta tofar ta ce ba yaji. Wani dattijon ikilisiya ya ce a jefa shi a masai, wa ya san abin da mutanen can suke ƙullawa. Amma tambayar kowa ɗaya ce: "Ana ci?" Mu manoma ne, har mu masu rigar malanta. A saninmu ba mai ɗauko iri daga wata ƙasa ya adana shi sai don tukunya.

Ana cikin haka Baba ya zo daga Samaru Kataf. Mahaifina mai wa'azi ne, kuma manomin citta, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya zo da dattawa biyu, suka zauna a tsakar gida, ya ce a kira fasto a yi sujadar makoki, a sallami yarinya ta koma gida. Ya ce ƙuruciya gare ta, ba ɗa ba jika, a coci ma an rasa inda za a zaunar da ita, ko cikin matan aure ko cikin gwauraye.

Mama ta ce, "Ba gawa, ba kabari. Wa za mu yi wa kuka?"

Aka yi ta ja. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta fito da kwalin, ta ajiye shi a kan tabarma a gaban Baba.

"Yaro ya aiko iri. Mu shuka. Ran da ya yi fure muka ga ko mene ne, ka zo ka ɗauki amarya, mu kira fasto. Kafin nan, amarya yana ɗakin mijinsa."

Na ga Baba yana lissafi a zuci, lissafin manomi. Masara ta yi fure ta nuna a damina ɗaya, gyaɗa haka, ko cittar da ta fi kowa nawa ba ta wuce kaka. Kafin Kirsimeti dai an gama. Ya ce ya yarda, a gaban dattawa. Ni ma a raina na ce wata nawa ne. Ba wanda ya taɓa zato a cikinmu cewa akwai irin da ba ya bin kalandar gona.

Da ruwan farko ya sauka, Mama ta jiƙa ƙwayoyin cikin ruwan ɗumi, ta murje busasshen ɓawonsu da yatsa. Ta aike ni rafi in ɗebo baƙar ƙasa daga gindin itatuwa, wadda ruɓaɓɓen ganye ya haɗe da ita. Ta ce abin da ya fito daga daji, ƙasar daji yake so. Muka yi ɗan ƙaramin fili a bayan madafa, a gindin gwaiba, inda rana ke leƙowa da safe kawai. Ta binne su sama-sama, ta lulluɓe wurin da ɗanyen ganye kamar yadda ake yi wa citta. Da muka miƙe na dubi abin da muka yi. Tsawonsa da faɗinsa daidai kabarin jariri ne. Ban faɗa ba, amma na san ita ma ta gani.

Masarar da maƙwabta suka shuka a makon ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, namu shiru. Na ce sun ruɓe, na ji wani sanyi a raina da ban san ko daɗi ba ne ko tsoro. Sai wata safiya Mama ta ɗaga ganye ta kira ni. Wasu 'yan siraran tsirrai ne, ba su da yawa, da ƙyar za ka bambanta su da ciyawa. Damina ta ƙare ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Da iska ta juya suka yi rawaya, suka kwanta, suka ɓace kamar ba a taɓa yin su ba.

Baba ya dawo gab da Kirsimeti. Ya leƙa bayan madafa, ya ga ƙasa busasshiya, ya ce, "To, abin ya mutu. Ubangiji ya ba da amsa."

Mama ta durƙusa ta tona gefe da yatsa a hankali, ta kira shi ya sunkuya. Wani farin abu ne a kwance a ƙasan, kamar haƙorin yaro.

"Bai mutu ba," ta ce. "Yana ƙasa, yana hutawa. Kuma bai yi fure ba."

Baba ya daɗe yana kallon abin. Ya ja ni gefe ya ce da ni a yarenmu, "Ni na yi alkawari, ke ba ki yi ba. In kin ce mu tafi, yanzu sai mu tafi." Motar Zangon Kataf tana jira a tasha, kayana ba su fi ɗauka ɗaya ba. Amma na riga na ga farin abin nan. Abin da kowa ya rantse ya mutu, ga shi kwance da ransa inda ido ba ya kai. Na ce, "Baba, bari mu ga damina mai zuwa." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Daga nan gidan ya zama na mutum uku. Da safe sai in ji Mama tana cewa, "Ka kwana lafiya?" In amsa daga ɗaki, "Lafiya lau, Mama." Sai in fito in tarar ba da ni take ba, tana tsugune a gindin gwaiba. In ta ce, "Yau ya ɗaga kai," ko "Ƙishi yake ji," ban san wanda take nufi ba, kuma na daina tambaya. In jirgin rana ya yi kuka daga tasha, ko tuƙin tuwo muke sai muciya ta tsaya, mu kasa kunne ga ƙofar gida har jirgin ya wuce. Sa'an nan kowa ya ci gaba da abin da yake yi, ba mai duban wani.

A damina ta biyu tsirran suka fito da ƙarfi kaɗan, har muka kafa musu karan dawa. A nan na lura da ganyen. Kowane ganye bakinsa ya zare siriri ya lanƙwashe, da shi yake kama abin da zai hau. Wata rana ina cire ciyawa sai na ji an riƙe mini ƙaramin yatsa. Bakin ganye ne ya sarƙafe ni. Na san ganye ne, ina kallonsa da rana tsaka. Amma lokacin da muke nema, malamai ba su isa su riƙe hannun juna a titi ba, don haka in mun taso makaranta mijina yakan saƙalo ƙaramin yatsana da nasa, mu yi 'yan taku kaɗan, ya saki. Na daɗe a tsugune ban janye hannun ba.

A shekarar ce kuma aka yi ta labarin wani soja ɗan wajen Zangon Kataf da ya dawo bayan an gama yi masa makoki. Ya shigo gidansu a rame, ya tarar an raba kayansa, matarsa tana goyon ɗan wani. Ban san gaskiyar labarin ba, kowa da yadda yake ba da shi, amma ya shiga gidanmu ya zauna. Mama ta sa a maimaita mata shi har ta haddace. Ni kuwa na fara ganin dogayen maza. Na taɓa bin wani a kasuwa tun daga layin masu doya har bakin mahauta, don ƙeyarsa kawai. Da ya juyo, tsoho ne mai furfura.

Akwai wani akawun tashar jirgi a ƙungiyar mawaƙanmu ta coci, mutum mai kunya, wanda ya aika wa Baba magana ta hanyar da ta dace. Ba zan ɓoye ba, ina son sa. Ya ce zai jira furen, har yakan tambaye ni bayan sujada, "Malama, yaya lambu?" Ya jira damina biyu, danginsa suka ce shi ba zai auri ciyawa ba. Ya auri wata, ni na ja waƙa a bikinsa. Na dawo gida na tsaya a kan tsirran nan, na zage su tas a yarenmu, don kada Mama ta ji abin da na ce. Bayan na gama na ɗebo ruwa na ba su.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka Mama takan tona ta duba. A karo na uku ina tsaye a kanta. Farin abin ya girma ya kai tsawon yatsa, ya kuma karye gwiwa ya yi reshe biyu, kamar ɗan ƙaramin gatari. Na ga hannunta ya tsaya cak. Ta mayar da ƙasa da sauri, ta tafi ta wanke hannu da toka har sau biyu. Kafin yamma ta sa an kewaye wurin da ƙaya, ta shiga gidajen maƙwabta ta ce duk akuyar da ta ci, ko yaron da ya tona, ba ruwanta.

"Ba a ci," ta ce. Karo na farko ke nan da wani ya amsa tambayar nan.

Na ce, "Mama, kin san shi ne?"

"Ni ina na san abin ƙasar wasu?" Ta shige madafa ta hau hura wutar da take ci da kyau.

Damina ta huɗu ta zo a makare, shekarar da ruwa ya yi wa mutane rowa. Da ruwan rijiya muka riƙe su. Da sama ta saki kuwa sai suka taso kamar masu jin haushi, kaurinsu ya kai na tsinken tsintsiya biyu a haɗe, suka cinye karan dawa suka nemi ƙari. A tsakiyar damina na ga abin da nake jira: ƙunshin fure, kore, ya sunkuyar da kai ƙasa kamar ƙaramar kuɓewa. Na je makaranta ran nan ban san abin da na koyar ba. Washegari na zo dubawa, babu shi. Sai guntun sanda.

Na ce fara ce. Wani ya fito, shi ma ya ɓace. Na ce kaji ne, na ƙara ƙaya. Na zargi ɓera, na zargi 'ya'yan maƙwabta, har na yi cacar baki da wata mata a kan ɗanta da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai da na sunkuya na dubi guntayen da kyau. Fara tana gaigaya ne, kaza tana fizga. Waɗannan an datse su ne tsaf, yadda ake tsinke ganyen yakuwa da farce.

Da sassafe na fito da wuri fiye da yadda na saba. Ga Mama a cikin ƙaya, ta yi ɗage, tana bin kowane reshe da hannu. Ta samu ɗaya, ta datse, ta ƙulle shi a haɓar zanenta.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Shekaruna ne take tsinkewa ɗaya bayan ɗaya tana ƙullewa a zane. Na ce, "Mama, ashe farar tamu da ɗankwali take yawo."

Ba ta firgita ba, ba ta kuma juyo ba.

"Amarya, ka bar ni."

"In bar ki? Ke kika kafa sharaɗin nan a gaban dattawa. Na zauna, na ɗebo ƙasa, na ɗebo ruwa, an yi aure a kan idona na yi waƙa. Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba." Sai yanzu ta juyo. "In ya yi fure, Baba naka zai zo. In ka tafi, fasto zai zo. In fasto ya zo ya yi addu'a, yaro ya mutu ke nan. Yanzu bai mutu ba. Kana nan, ɗakinsa na nan, ana share shi. Ni zan kashe shi da hannuna?"

Na juya na shiga ɗaki. Na san zan iya aika wa Baba, a ran nan zai zo, kuma ba dattijon da zai ga laifina. Ban aika ba. Ba na son in fita gidan nan a kan na kama tsohuwa da sata. Kuma abin da ta faɗa ba baƙo ba ne a wurina, ni ma ina jin tsoron furen nan kamar yadda nake ɗokinsa. Muka ci gaba da zama, tana tsinkewa da safe, ina ban ruwa da yamma, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Wata rana ina shanya kayan akwatin na ji aljihun rigar ya yi nauyi. Ashe a ciki Mama take zuba ƙunshin furen da ta tsinke, duk sun bushe sun yi baƙi.

Abin da ba mu sani ba mu duka biyu, wani reshe ya bar karan dawa ta baya, ya kama gwaibar, ya bi cikin ganyenta ya yi sama.

Wata Lahadi muka taso sujada da rana, muna tafe da wasu matan zumuntar coci. Tun daga bakin hanya na ga mutane tsaye suna kallon saman madafarmu. Na ɗauka gobara ce, na ruga. A can ƙolin gwaibar, sama da rufin, wani abu ne ja wur da gindi rawaya, ganyen furen sun juya baya sun miƙe sama a murɗe, iska tana kaɗa su kamar harshen wuta. Guda ɗaya ne tak.

Wata tsohuwa cikin matan ta sa hannu ta kare rana ta duba, sai ta fashe da dariya.

"Kai! Gatarin kurege ne fa! Wannan da ke cike da kurmi? Shi kuka yi shekaru kuna yi wa bauta?"

Wasu suka taya ta. Ni ma na gane shi a lokacin. Na sha ganinsa daga tagar mota a bakin kurmi, in damina ta yi nisa, ban taɓa tsayawa na dubi ganyensa ba balle 'ya'yansa. Ba abin ƙasar wasu ba ne. Furen dajinmu ne, wanda ba mai shukawa, ba mai ci, ba mai kulawa da shi. Dariyar ba ta yi nisa ba, don sun ga fuskar Mama. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da girki.

Muka rage mu biyu a bayan madafa, da kayan coci a jikinmu. Mama ta ratsa ƙaya ta je gindin gwaibar. Ta miƙa hannu, ta yi ɗage, ta kama reshe ta girgiza. Ko kusa ba ta kai ba. Ta sauke hannun.

"Dubi inda ya hau," ta ce. "Kullum sai ya fi ni tsawo."

Ta zauna a kan turmi. Ba tare da na tambaya ba ta ce tun ran da ta ga gatarin a ƙasa ta san shi. Akwai shi a kurmin bayan ƙauyensu, wurin da mata ba sa shiga a zamanin da. Mijina yana ɗan ƙarami ya saci jiki ya shiga, ya cika hannu da furen, ya kawo mata a madafa. Ta doke shi sosai, don abin kurmi ne, kuma guba ne, saiwarsa tana kashe akuya har da mutum.

"Ina dukansa yana kuka, yana cewa wuta ya kawo mini. Wai in daina zuwa roƙon wuta a maƙwabta."

Sai a lokacin na tuna cikin abin da ya zuba irin: kwalin ashana. Abin da na ji ba baƙin ciki kaɗai ba ne, har da kishi. Shekara huɗu ina jiran in ji abin da mijina ya aiko mini, ashe ba ni ya aiko wa ba. Ya ga furen gida a bakin wani kogi mai nisa, ya tuna uwarsa da dukan da ta yi masa, ya tsaya ya tsinci 'ya'yan yana dariya. Ina iya ganin dariyar. Kishin bai daɗe ba, ya bar ni da tausayinmu mu duka.

Mama ta ce, "Gobe ka aika wa Baba naka. Ka biya ka gaya wa fasto."

Ta miƙe ta zo ta tsaya kusa da ni, ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Amma ba ni take kallo ba, idonta yana can saman gwaibar.

"To," ta ce. "Ka yi ƙoƙari. Na sake ka. Ka tafi lafiya."

An yi sujadar bayan kaka, coci ya cika, aka binne rigar da abin da ke aljihunta. Na koma Samaru Kataf, daga baya na yi aure, na haifi 'ya'ya, kuma har Mama ta rasu ina zuwa gaishe ta, tana kirana amarya a gaban mijina na biyu. Gatarin kurege ya ci gaba da fitowa a gindin gwaibar duk damina, ba mai tsinke shi. Sau da yawa na yi niyyar in tambaye ta wanda ta sallama a ran nan, ni ko shi, sai in fasa. Da tana da "ke" a bakinta da na sani.

A ranar dai na ɗan jira, kamar yadda muke jira in jirgi ya yi kuka. Da na ga ba mai amsawa daga saman gwaibar, sai na amsa mana mu biyu. Na ce, "To, Mama."